Rumbun situdiyon Baba: littafin aikin kwashe hotuna

Litinin, 6 ga Janairu, 2025

Da hantsi ina gyara hotunan wani suna sai kwamfutar shago ta yi ƙas, ƙas, sau biyu. Kibiyar da ke kan allo ta daskare na ɗan lokaci, sannan ta ci gaba kamar ba a yi komai ba. Yaron shago ya ce, "Oga, ai tun wancan makon take yi, na ɗauka fanka ce." Na san kukan fanka, ba haka yake ba. Na kara kunne a jikin akwatin, na ji daga rumbu, wato hard disk ɗin da ke ajiye bayanai, ƙarar ke fitowa.

Rumbun nan tera 1 ne, tun 2014 na sa shi. Duk abin da situdiyon nan ya ɗauka daga wannan shekara zuwa yau yana ciki: biki, suna, saukar Alƙur'ani, fasfo, kalandar 'yan siyasa. Akwai kuma foldar da na sa wa suna BABA. Hotunan da mahaifina ya ɗauka da fim ne tun shekarun 1980, na shafe kusan shekara biyu ina bi da su ta sikana ɗaya bayan ɗaya. Hawan salla na zamanin Sarki Sulaiman Adamu, 'yan makaranta a bakin ruwan Wikki a Yankari, mutane da akwatunansu a tashar jirgin ƙasa. Rabin fim ɗin ya riga ya lalace, don haka na cikin foldar nan su kaɗai suka rage. Kuma ba su da kwafi ko ɗaya a ko'ina. Shekara goma ina cewa sai an samu sarari.

Na ɗauko wannan littafi ne don na san halina. In ban rubuta abin da na yi da abin da ya rage ba, nan da mako biyu zan manta inda na tsaya.

Talata, 7 ga Janairu

Na sauke CrystalDiskInfo, manhaja ce kyauta da ke karanto rahoton lafiyar da rumbu ke rubuta wa kansa. In lafiya lau ne tana nuna shuɗi, in da matsala rawaya, in abin ya ƙazanta ja. Nawa rawaya ya nuna. Layuka biyu ne suka jawo haka. Mai lamba 05 yana ƙirga gurbin da suka mutu har rumbu ya sauya su da na ajiya. Mai lamba C5 kuma yana ƙirga waɗanda ya kasa karantawa, yana jira ya ga ko za su farfaɗo. Na biyun ne ya fi tayar mini da hankali, don a kan irin waɗannan gurabe akwai hoton wani a zaune. Na rubuta lambar da safe, da azahar na duba ta ƙaru. Awannin da ya yi yana aiki sun haura 31,000.

Na kashe kwamfutar, na zare wayarta daga soket. Da laftof za mu lallaɓa.

Shawara kuwa na sha ta yau. Wani ya ce in sa shi a firiji ya kwana. Wani ya ce in kawo ya buɗe ya hure ƙurar ciki. A cikin rumbu faifai ne ke juyawa sau 7,200 a minti ɗaya, allurar da ke karanta shi kuma tana shawagi a kansa da tazarar da ƙwayar ƙura ɗaya ta fi ta girma nesa ba kusa ba. A buɗe wannan a Bauchi, a tsakiyar hunturu, da hazon da ko Dutsen Tanshi ba ka gani sosai? Na ce na gode. Na uku ya ce in sa chkdsk ya gyara. Shi ma na ƙi. Chkdsk tsarin fayiloli yake gyarawa, kuma garin gyaran sai ya bi rumbun kaf yana karatu da rubutu, ga shi rumbun da ƙyar yake numfashi. Sai an kwashe kaya tukuna ake maganar gyaran ɗaki.

Alhamis, 9 ga Janairu

Kasuwa. Kafin mu fita yaron shago ya zaro wani filas daga aljihu, bai kai ɗan yatsa ba, an rubuta 2TB a jiki. Ya ce a wurin wani mai tebur ya saya da kuɗin da bai kai na cin abincin mako ba, me zai sa in je in kashe kuɗi? Na jona shi a laftof, Windows kuwa ta nuna tera biyu cif. Sai na sa masa H2testw, wadda ke cika filas da bayanai sannan ta dawo ta karanta ta ga ko suna nan. Na ce ta rubuta giga 64 kawai. Wajen giga 29 na farko ne suka dawo daidai, sauran duk sun bi iska. An yi wa ƙwaƙwalwarsa dabara ne ya riƙa faɗin girman da ba shi da shi. Sunan fayil zai fito, girmansa zai fito, ka buɗe ka tarar ba komai. Araha ba ta ado. Yaron ya yi shiru, can ya ce, "To hotunan aurena na ciki fa, Oga." Allah Ya sa suna cikin giga 29 ɗin farko, mun kwashe su a take.

Na sayo rumbun waje mai tera 2, a kwalinsa, da rasit. Kuɗinsa ya fi na buhun shinkafa. Da na jona sai ya nuna 1.81, yaron ya zabura wai an sake cutar mu. Wannan ba cuta ba ce: masu ƙera rumbu da 1,000 suke lissafi, Windows kuma da 1,024. Shi ya sa tera 1 ke fitowa giga 931.

Na yi masa fomat da tsarin ajiye fayiloli na NTFS, ba na FAT32 ba. FAT32 ba ya ɗaukar fayil ɗaya da ya kai giga 4, ni kuwa ina da bidiyon biki da ya ninka haka. Na manna masa jan salatif, daga yau sunansa Ja.

Asabar, 11 ga Janairu

Ban kwafi rumbun daga farko zuwa ƙarshe ba, don ban san awa nawa suka rage masa ba. Na jera foldoji bisa tambaya ɗaya: wanne ne in ya ɓata ba mai dawo da shi? BABA ce ta farko. Sai aikin da aka biya ban miƙa ba. Sai bukukuwa, daga na bana in yi baya. Fasfo da kalanda su ne ƙarshe.

Ban ja folda da maus na jefa ba. In aka yi haka, da ta ci karo da fayil marar lafiya sai ta tsaya da tambaya, kai kuwa ka tafi masallaci. Da robocopy na yi, wanda ke cikin Windows tun asali. Na sa /E don ya haɗa da ƙananan foldoji, da /LOG don ya rubuta mini duk abin da ya gagara. Abin da ya fi muhimmanci shi ne /R:1 da /W:1. In ba ka faɗa masa ba, robocopy zai sake gwada fayil ɗin da ya ƙi har sau miliyan ɗaya, yana jiran daƙiƙa 30 tsakanin kowane gwaji. A kan rumbu mai ciwo wannan kisa ne.

Na yi wauta ɗaya. Na jona Ja a ramin gaba, baƙi, na USB 2.0, gudu bai wuce mega 30 a daƙiƙa ba. Sai bayan awa guda na tuna da shuɗin rami na baya, na USB 3.0. Da na koma can ya haura 90, sai dai in ya iso wuri marar kyau ya faɗo ƙasa, a ji ƙas ɗin nan, ni kuma gabana ya faɗi tare da shi.

Wajen la'asar aka ɗauke wuta. UPS, na'urar da ya kamata ta riƙe kwamfutar in an ɗauke wuta, ya yi ƙara ɗaya ya mutu tare da ita. Ashe batirinsa ya daɗe da gamawa, ado kawai yake yi a ƙarƙashin tebur. Na tsallaka na sayo sabon batir mai bolt 12, na tayar da janareto, na yi bisimilla na kunna. Rumbun ya tashi. Robocopy ya tsallake waɗanda ya riga ya kwafa, ya ɗora daga inda aka tsaya.

Lahadi, 12 ga Janairu

BABA ta haye. Fayil 6,140, uku kawai suka ƙi. Na yi sujada a bayan kanta.

Asabar, 18 ga Janairu

Mako guda ina kwafa da yamma, awa uku-uku, ina barin rumbun ya huce. An gama, giga 780 da 'yan kai. Rahoton robocopy ya lissafa fayil 212 da suka gagara.

Na ɗauki tsohon rumbu, na naɗe shi da tawul, na kai gidan abokina mai gyaran kwamfuta a Fadaman Mada, don shi yana da sola da inbata, wutarsa ba ta yankewa. Na tafi da sabon rumbun ciki mai tera 2 wanda zai gaje shi. Ya tayar da Linux, wani tsarin tafiyar da kwamfuta dabam da Windows, daga filas ya sa ddrescue. Yadda wannan manhaja ke aiki ya burge ni. Ba ruwanta da fayil ko folda, gurbi-gurbi take kwafa. In ta iso inda ya ƙi karantuwa ba ta tsayawa gardama, sai ta yi tsalle ta kwashe duk mai sauƙi tukuna, daga baya ta dawo ta riƙa matsowa wurin ciwon ta gaba da ta baya. Kuma tana rubuta taswirar inda ta kai a wani ƙaramin fayil, ko wuta ta ɗauke ba a komawa farko.

Kafin ya danna sai da ya sa na karanto masa lambar jikin kowane rumbu, shi kuma yana dubawa a allo. A Linux ba a kiran rumbuna da C: da D: kamar a Windows, sai sda da sdb, kuma in ka juya su manhajar za ta kwafi sabon rumbu fanko ta shafe tsohon da shi, ba tare da ta san ta yi ɓarna ba. Ya ce ya taɓa ganin wanda ya yi haka. Sau uku muka karanta.

Talata, 21 ga Janairu

Kwana biyu da yini ta yi. Daga 212 saura 23 da ba su dawo cikakku ba. Uku na Baba duk sun dawo.

Na buɗe ɗaya daga cikin 23 ɗin. Wata amarya ce ta 2017, ranar kamu. Daga goshi zuwa haɓa lafiya lau, har ƙyallin ɗan kunne. Daga wuya zuwa ƙasa kuma toka-toka ne shafe, kamar an ja labule. Wani hoton kuma rabinsa ya koma kore, ya goce gefe. Na tara su a folda guda na ajiye, ban goge ba.

Asabar, 25 ga Janairu

Yanzu kwafi biyu gare ni: sabon rumbun da ke cikin kwamfuta, da Ja. Na je gida ina ta murna na ba Baba labari. Yana kan tabarma a zaure da rediyonsa. Ya ce, "Shi jan a ina yake kwana?" Na ce a durowar shago. "Ita kwamfutar fa?" Na ce a shago. Ya ce, "To kai da ka tashi a gidan manoma, ka taɓa ganin an gina rumbu biyu jikin juna an ce an tsere wa gobara?"

Na ce, "Baba, gaskiya ne." Shi ma haka ta same shi. Fim ɗinsa duka a akwatin ƙarfe ɗaya ya tara, a ɗaki ɗaya. Damina ɗaya rufi ya yi yoyo, kafin a ankara rabinsu sun manne da juna, gara kuma ta gama da ambulan ɗin da aka rubuta sunaye.

Abin da ya faɗa shi ne dai abin da masu sana'ar ke kira ƙa'idar 3-2-1, wadda wani mai ɗaukar hoto Ba'amurke, Peter Krogh, ya yaɗa: kwafi uku, a kan ma'adana iri biyu, ɗaya kuma a wani wuri dabam. Ni ina da biyu, iri ɗaya, a ɗaki ɗaya, a layin shagunan da wayoyin wutarsu suka fi ni shekaru. Ɓarawo ma in ya fasa ba zai ɗauki kwamfuta ya bar abin da ke durowa ba. Sai dai kuɗin rumbu na uku sai an biya ni aikin bukukuwan Disamba.

Litinin, 3 ga Fabrairu

Wani ɗalibi ya kawo filas a buga masa fasfo. Yaron shago ya jona, ya danna abin da ya ɗauka folda ce. Bairos ɗin nan ne da ya addabi shagunan buga takardu, mai ɓoye foldojin gaske ya bar na bogi masu 'yar kibiya a gindi. Ja yana jone a lokacin, don na bar shi tun Asabar. Nan da nan foldojinsa suka koma haka.

Wannan mai sauƙi ne, ɓoyewa yake yi ba gogewa ba. Na wanke kwamfutar, na sa umarnin fito da abin da aka ɓoye, attrib -h -r -s /s /d, a kan Ja, komai ya fito. Amma jikina ya yi sanyi, don akwai wanda ya fi shi mugunta, mai kulle fayiloli ya nemi kuɗin fansa. Irinsa ne WannaCry da ya tsayar da asibitoci a Ingila a watan Mayun 2017. Irin wannan duk rumbun da ya tarar a jone da shi yake haɗawa. Da shi ne ya shigo yau, da kwafi biyun sun tafi a zama ɗaya.

Doka daga yau: Ja ba ya kwana a jone. A jona, a kwafa, a cire ta hanyar da Windows ta tanada, a mayar durowa. Filas ɗin kwastoma kuma a tsohuwar laftof kawai za a riƙa sa shi.

Asabar, 8 ga Fabrairu

An biya ni. Na sayo na uku, na manna masa koren salatif. Kore ya kwashi komai cikin awa uku da rabi, ba ƙas ko ɗaya.

Asabar, 15 ga Fabrairu

Yau na ga ta kaina, kuma da hannuna na jawo.

Tun makon jiya na rubuta ɗan umarni da nake dannawa kullum da yamma don Ja ya zama daidai da kwamfuta. Na sa /MIR a ciki, don na ga ya fi tsafta. Abin da /MIR ke yi shi ne ya mayar da rumbun waje madubin na ciki: abin da aka ƙara ya ƙara, abin da aka goge kuma ya goge. Na san da haka, na karanta, amma ban zauna na yi tunanin abin da yake nufi ba.

Ranar Laraba yaron shago yana share tarkace ya haɗa da foldar bukukuwan 2019 gaba ɗaya. Ta fi ƙarfin kwandon shara, Windows ta tambaye shi ko a goge ta kwata-kwata, ya danna e, bai ma lura da sunan ba. Da yamma na zo na jona Ja na danna umarnina, na tafi sallar magariba. Robocopy ya duba ya ga babu 2019 a kwamfuta, sai ya goge ta a Ja shi ma. Aikin da na ba shi ke nan. Alhamis na sake dannawa, Juma'a ma haka.

Yau wata Hajiya ta aiko ɗanta a sake wanko mata hotunan auren 'yarta na 2019. Na duba kwamfuta, babu. Na yi murmushi na ce ai shi ya sa muka yi tanadi, na ɗauko Ja. Babu. Na ji gumi ya keto mini duk da sanyin safiya. Garin neman gira na kusa rasa ido.

Kore ne ya cece ni, kuma ba don wayona ba. Tun ranar 8 ga wata da na cika shi ban sake taɓa shi ba, saboda kasala. Na jona shi hannuna na rawa, ga 2019 nan zaune, giga 94. Na mayar da ita wurare biyun kafin in ce wa yaron komai. Da na gaya masa ya rantse bai sani ba, na kuma yarda. Laifinsa ɗaya, nawa biyu: ni na ba shi ikon gogewa, ni na rubuta umarnin.

Na jefar da /MIR. Na koma FreeFileSync, ita ma kyauta ce. Tana nuna maka jerin abin da za ta kwafa da abin da za ta goge kafin ta taɓa komai, kuma na saita ta yadda duk abin da za ta goge ko ta sauya a rumbun waje sai ta tura shi wata folda mai kwanan wata, ya zauna can. Na kuma ba Ja harafin X, Kore harafin Y na dindindin, don Windows takan sauya E: da F: gwargwadon wanda aka fara jonawa. Yaron shago na buɗe masa nasa asusun a kwamfuta, yana iya gani da bugawa, ba ya iya goge tsofaffin shekaru.

Lahadi, 23 ga Fabrairu

Gombe. Kore zai zauna a wurin Yaya.

Kafin in fita da shi daga shago sai da na yi tunanin abin da ke ciki. Hotunan sa lalle da kamu ne na matan mutane, a cikin gida, ba mayafi, waɗanda aka yarda na shiga na ɗauka saboda an san Baba. In rumbun ya faɗi a mota wani ya tsinta, gobe a gan su a Facebook, ba ni da bakin magana a garin nan. Don haka na kulle Ja da Kore duka da BitLocker. Kowanne ya ci dare da yini. Bayan kalmar sirri, yana ba da mabuɗin ceto mai lamba 48, wanda in ka manta kalmar kuma ka rasa shi, to ko kai mai kayan ba ka shiga. Na buga su a takarda, ambulan ɗaya a wurin uwargida, ɗaya a akwatin Baba. Rai a hannun Allah yake, kada in faɗi a bar iyali da rumbun da ba mai iya buɗewa.

Na naɗe shi da tawul na rungume a cinya tun daga tasha, ban yarda an sa a but ba. Mun wuce gadar Dindima, mun wuce Alkaleri, duk ramin da direba ya faɗa sai na ji shi a ƙirjina, ko da yake rumbun da ba ya juyawa ya fi jure girgiza.

Yaya ta juya shi a hannu ta ce, "Yanzu saboda wannan ɗan abin ka taso tun daga Bauchi? Na ɗauka kuɗi ne." Na ce, "Yaya, hoton aurenki ma yana ciki." Ta ce to a sa shi a inda take ajiye sarƙoƙinta. Na roƙe ta abu uku: kada yara su jona shi a talabijin, kada ya jiƙe, kada a ɗora shi a kan firiji ko kusa da taga inda rana ke bugawa. Mijinta ya ce ai Baba in ya ji zai ce ba a fita da shi daga jiha ba, don shi har yau bai gama yarda da rabuwar 1996, da aka cire Gombe daga jihar Bauchi, ba.

Asabar, 8 ga Maris

Azumi takwas. Aiki ya ja baya, zafi ya fara.

Na ɗora foldar Baba a intanet. Google na ba da giga 15 kyauta, amma tare da Gmail ake rabawa. Asalin hotunan TIFF ne, sun kusa giga 60, ba za su shiga ba, sai na fitar da JPEG masu kyau, suka tsaya a giga 11. Da datar dare nake turawa bayan an sauko daga tarawihi, kuma turawa ta fi saukewa nawa sosai. Dare biyar na yi. Ban sa manhajar da ke daidaita folda da kanta ba, na ɗora da hannu ta burauza, don na ga abin da madubi ke yi.

Na kwastomomi ban ɗora ba. Ba ni da datar giga 700, ba ni kuma da izininsu.

Ja yana kai digiri 49 in yana aiki da rana. Na koma yin kwafi bayan sallar asuba, a kan tebur, fanka na kaɗa shi.

Asabar, 15 ga Maris

Na yi abin da na sa wa suna wasan gobara. Na rufe kwamfutar shago da zane na ce ta ƙone. Na ɗauki laftof da Ja kawai, na ce da su za mu yi aikin yau. Gani ya kori ji.

Hotuna duk sun buɗe. Na zaɓi 50 daga shekaru dabam-dabam ido rufe, lafiya lau. Na gwada mabuɗin ceto na ambulan ɗin uwargida, ya buɗe. Har na fara jin daɗi sai wani ya zo karɓar firem, na nemi littafin bashi na Excel in ga nawa ya rage masa. Babu. Na nemi zanen kalanda da na katin gayyata da nake sauya wa suna kawai, aikin shekaru. Babu. Fasfon wata uku da yaron shago ke zubawa a fuskar kwamfuta, su ma babu.

Duk waɗannan a C: suke, a ƙaramin SSD da Windows ke kai. Ni kuwa wata biyu hankalina na kan D:, don shi ne ya yi kuka. C: bai taɓa yin ƙas ba, ba kuma zai yi ba, SSD ba shi da faifai balle allura. Ranar da zai tafi shiru zai tafi, kuma abin da aka goge a kansa da wuya a dawo da shi. Da ban yi wannan wasa ba da sai ranar da abin ya faru da gaske zan sani.

Na ƙara foldoji huɗu a jerin FreeFileSync. Da dare na sa ta gwada D: da Ja ta hanyar karanta cikin kowane fayil, ba duba suna da girma kawai ba. Ta kai har sahur. Ba bambanci.

Litinin, 31 ga Maris

Jiya aka yi salla. Tun daga saukowa idi har goma na dare shago cike da yara da sababbin kaya. Katin memori huɗu muka cika. Yaron shago ya ɗauki ɗaya zai yi fomat don a ci gaba da ɗauka, na riƙe hannunsa. Ba a goge kati sai abin da ke cikinsa ya zauna a kwamfuta da Ja, an kuma buɗe an gani. Na ba shi kuɗi ya nemo wani katin.

Abokina mai gyara ya kira yi mini barka da salla, ya ce wai yau ce ranar ajiyar ko-ta-kwana ta duniya, 31 ga Maris. Na ce ya gaya musu mun riga su.

Asabar, 5 ga Afrilu

Yaya ta zo gaishe da Baba, ta taho da Kore a jakarta, cikin tawul ɗin da na kai shi. Na jona, ya karɓi aikin mako shida da foldojin C: da bai taɓa gani ba. Ja ne zai bi ta Gombe gobe, Kore ya karɓi aikin kullum. Mun yi da ita duk ƙarshen wata za mu riƙa musanya, ko ni in je ko ta ba wani amintacce. Wannan na nufin in wani abu ya sami shago, aikin da zan rasa zai iya kai na wata guda. Bai yi mini daɗi ba, amma abin da aljihu ya iya ke nan a yanzu.

Saura TIFF ɗin Baba, da nake so su samu wuri na huɗu. Saura kwafin C: gaba ɗaya, wanda dole in yi kafin 14 ga Oktoba, 2025, ranar da Microsoft za ta daina tallafa wa Windows 10, don duk abin da zan yi wa kwamfutar nan a lokacin sai ina da hanyar komawa. Saura kuma 23 ɗin nan. Na gano masu 9 daga ciki ta littafin bashi. Mijin amaryar 2017 na kira shi jiya, ya ce suna da wankakken hoton a falo, zai kawo in bi da shi ta sikana.

Tsohon rumbu yana durowar ƙasa, na rubuta KADA A JONA a jikinsa. Baba ya ce in wanko masa hoton tashar jirgi babba, zai nuna wa Yaya inda ya tsaya ya ɗauka. Na tura firinta, daga Kore.